Muhawara: Shin "scuppernong" sunan iri guda ne, ko sunan duk inabin daji mai ruwan tagulla?

Malama Mai Fassara:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masana Turanci game da kalmar scuppernong, wadda ta bayyana a wurare da dama cikin wani rubutu kan abincin mutanen kudancin Amurka da aka ba ni in mayar da shi Hausa. Ƙamus ya nuna cewa wani nau'in inabi ne, amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne marubuciyar takan fara kalmar da babban baƙi a wani wuri, a wani wurin kuma da ƙarami, sannan takan jera ta da wata kalma, muscadine, kamar dai abubuwa biyu ne dabam. Ina son sanin ko sunan yanka ne ko suna gama-gari, da kuma yadda ya kamata in rubuta shi ga mai karatun Hausa.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malama. Asalin kalmar sunan kogi ne. Kogin Scuppernong yana gabashin jihar Karolina ta Arewa, ya ratsa gundumomin Washington da Tyrrell, ya zube a ruwan Albemarle kusa da garin Columbia. Sunan kogin kuma ba Turanci ba ne, ya fito ne daga harshen Algonkiya na mutanen asali da suka zauna a bakin tekun tun kafin zuwan Turawa, kuma masana suna fassara shi da "wurin da itacen askupo yake". Wannan itace yana da hujja a rubuce, domin Thomas Harriot, wanda ya je tsibirin Roanoke tare da ayarin Ingilawa, ya ambace shi a rahotonsa na 1588 da rubutun ascopo, ya ce ɓawonsa yana da yaji da ƙanshi. Ke nan babu inabi ko kaɗan a cikin ma'anar kalmar ta farko: itace ya ba kogi suna, kogi ya ba inabi.

Shi kuwa inabin, an daɗe ana nomansa a wannan yanki kafin ya sami wannan suna. Mutane suna ce masa babban farin inabi kawai, sai a shekarar 1811 wata jarida ta Raleigh, babban birnin jihar, mai suna The Star ta laƙaba masa sunan wurin da aka fi saninsa. Saboda haka amsata ita ce sunan yanka ne na iri guda tak, kuma babban baƙi ya dace da shi a ko'ina. Muscadine shi ne sunan dangin baki ɗaya, wato Vitis rotundifolia. Kowane Scuppernong muscadine ne, amma ba kowane muscadine ne Scuppernong ba. Inda marubuciyarki ta sa ƙaramin baƙi, sakaci ne nata ko na editanta.

Bakano a Raleigh:
Allah ya gafarta Malam, tarihin da ka kawo babu abin cewa a kansa, amma hukuncin da ka yanke bai yi daidai da abin da kunnena yake ji a nan ba. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Oktoba, idan mutum ya shiga kasuwar manoma zai tarar da kwanduna iri biyu a kan tebur ɗaya. Mai duhu, wanda ya yi baƙi ko shunayya, an rubuta masa muscadines. Mai haske, wanda launinsa yake tsakanin kore da ruwan tagulla, an rubuta masa scuppernongs, da ƙaramin baƙi da alamar jam'i. Idan ka tambayi mai sayarwa ainihin irin da ya shuka, sai ya ce maka Fry ne, ko Carlos, ko wani iri na zamani, kuma ba ya ganin ya yi ƙarya a allonsa. A bakin mutanen nan kalmar launi take nunawa, shi ya sa marubuciyar take jera kalmomin biyu kamar kishiyoyi. Abin da take nufi shi ne mai haske da mai duhu.

Ko furucin ma ba ɗaya ba ne. Tsofaffin karkara sukan taƙaita shi su ce scuplin ko scupnun, wasu kuma sun gauraya kalmomin biyu sun fitar da scupadine. Kalmar da aka yi wa irin wannan tauna a baki ta daɗe da barin matsayin sunan da ake kaffa-kaffa da shi.

Malamin Nahawu:
Na gode, ɗan'uwa, amma yawan masu faɗar abu a kasuwa ba ya mayar da shi ƙa'idar rubutu. Mai sayarwa yana neman kalmar da mai saye ya sani ne, kuma tsohon suna ya fi sabo jan ciniki. Malama kuwa rubutu take yi wanda za a karanta a ɗauka ilimi ne. Idan ta gaya wa mai karatu cewa duk inabi mai ruwan tagulla Scuppernong ne, to ranar da ya buɗe littafin aikin gona ya ga an jera Scuppernong da Carlos da Fry a matsayin iri uku mabambanta, wa zai yarda da shi?

Malamin Gona:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, domin a wurin masana tsirrai maganar Malam ce daidai, kuma akwai dalili na zahiri. Idan aka ce iri guda a harkar inabi, ana nufin kuranga ɗaya ce tun asali, aka riƙa yanko reshenta ana dasawa, ko a kwantar da reshen a rufe shi da ƙasa har ya yi saiwa sannan a raba shi da uwarsa. Wanda ya shuka ƙwayar Scuppernong ba zai sami Scuppernong ba, zai sami sabuwar kuranga ce mai halinta, wadda ma tana iya fitowa da baƙaƙen 'ya'ya, tunda baƙi shi ne launin da ya fi yawa a daji. Don haka masana suke rubuta shi da cikakken tsari, Vitis rotundifolia 'Scuppernong', sunan irin yana tsakanin alamomi da babban baƙi. Sunan dangin kuwa masanin tsirrai na Faransa André Michaux ne ya raɗa shi, aka buga a 1803, kuma ma'anarsa mai kewayayyen ganye.

Bambancin yana da tasiri a aljihun manomi. Tsohon irin furanninsa na mace ne kawai, ba ya yin 'ya'ya sai da wata kuranga a kusa da za ta ba shi garin fure. A da, kurangar daji da ke bakin gona ce take yin wannan aiki ba tare da kowa ya lura ba. Carlos, wanda aka fitar a Karolina ta Arewa a 1970, yana yi wa kansa barbara kuma ya fi yabanya, shi ya sa ya mamaye gonakin da ake nomawa don matsa ruwa. Mutumin da ya je gidan sayar da dashe ya ce a ba shi scuppernong, ya dasa ƙwaya ɗaya a bayan gida, yana iya shekara da shekaru yana ban ruwa bai ga ɗa ko ɗaya ba idan tsohon irin aka ba shi, alhali da Carlos aka ba shi da tuni ya ci. A irin wannan wuri sakaci da suna asara ce.

Sai dai ban yarda a kira abin da mutanen kasuwa suke yi kuskure ba. Tsohon irin ya yi ƙaranci a gonakin kasuwanci, sunan kuma ya fi shukar yaɗuwa, mutane suna bukatar kalmar da za su kira mai hasken da ita, sai suka ɗauki wadda suka gada.

Ɗan Ƙonni:
Gaisuwa ga malamai. Abin da kuke bayani mun san irinsa a nan Nijar. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma shi ya ba albasar nan mai ruwan shunayya sunanta, wadda a takardun aikin gona ake rubutawa Violet de Galmi. Ga mai sayar da iri, sunan yana nufin iri guda sananne. Ga dillali kuwa, buhun da ya fito daga lambunan Madawa ko na wani ƙauye mai nisa da Galmi, muddin launin da yajin sun yi, albasar Galmi ce. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce ɗayan bai iya magana ba, kowa ya san inda ma'anarsa take aiki.

Tsohon Edita:
Malamin Nahawu, ina girmama tsantseninka, amma zargin sakaci da ka ɗora wa editan marubuciyar ya taɓa sana'ata, dole in kare shi. Ƙaramin baƙin nan ba daga allon 'yan kasuwa ya faro jiya ba, ya daɗe a rubutun adabi wanda ya bi ta hannun editoci masu ido. Charles Chesnutt, marubuci baƙar fata da ya tashi a Fayetteville ta Karolina ta Arewa, ya buga gajeren labarinsa The Goophered Grapevine a mujallar The Atlantic Monthly a 1887, kuma labarin gaba ɗaya a kan wata gonar wannan inabi yake. Harper Lee ma ta ambaci rumfar scuppernong ta maƙwabta a littafinta To Kill a Mockingbird na 1960, wanda labarinsa yake gudana a Alabama, nesa ƙwarai da kogin da ya ba da sunan. Da yawa daga cikin masu karatun Turanci a wajen Amurka a wannan littafin suka fara cin karo da kalmar. Babu wanda zai ce yaran da ke cikin labarin sun tantance wane iri ne aka dasa a rumfar kafin su kira shi da sunan.

Abin da nake gani shi ne Turanci yana da kalmomi biyu a nan masu rubutu ɗaya, kuma babban baƙi ne kaɗai yake raba su. Wannan ba baƙon abu ba ne a harshen, domin haka ya faru da cheddar, wanda ƙauye ne a Ingila kafin ya zama sunan cuku da ake yi a ko'ina. Ina kyautata zaton marubuciyar tana sane da abin da take yi. Malama, ki duba wuraren da ta sa babban baƙi ki gani ko ba inda take maganar tarihi ko shuka ba ne, ƙaramin kuma inda take maganar ci da girki.

Malama Mai Fassara:
Na duba, Baba, kuma kusan haka abin yake. Babban baƙin ya zo a sakin layin da take bayanin wata tsohuwar kuranga ta tsibirin Roanoke da kuma inda ta ce majalisar jiha ta karrama inabin. Sauran wuraren, inda take bayanin yadda ake dafa ɓawon da sukari a yi abin shafa wa burodi, duk ƙaramin baƙi ne.

Malamin Nahawu:
To ai maganar majalisar tana goyon bayana ne. A 2001 majalisar dokokin Karolina ta Arewa ta ayyana Scuppernong a matsayin ɗan itacen jiha a hukumance, ba ta ce muscadine ba, alhali kalmar tana nan da ta so faɗaɗawa. Sun zaɓi irin da ya fito daga ƙasarsu, mai ɗauke da sunan koginsu, wanda ake ɗauka shi ne inabin asalin ƙasar na farko da aka mayar abin nomawa a Amurka. Jihar Jojiya ma tana noman muscadine sosai, irin Fry daga can ya fito, don haka da sunan dangi aka sa a dokar da babu abin da ya keɓanta da jihar. Na amince cewa ma'ana ta biyu tana nan a bakin jama'a da cikin adabi, amma ina nan a kan cewa ta farko ce uwa, kuma ita ya kamata mai karatun Hausa ya fara sani.

Ɗalibin Jami'a:
Malamai, a yi mini afuwa in ɗan ratsa da tambaya a kan ɗaya kalmar. Shin muscadine yana da alaƙa da inabin muscat da ake gani a manyan kantuna? Kuma shin daga birnin Maskat na ƙasar Oman sunan ya fito, kamar yadda wancan ya fito daga kogi?

Malamin Gona:
Kalmomin dangi ne, tsirran kuwa sun yi nisa da juna. Muscat yana cikin Vitis vinifera, wato inabin da aka sani a Gabas ta Tsakiya da Turai tun zamanin da, kuma kusan duk inabin da ake ci ɗanye a kasuwannin duniya daga Vitis vinifera yake ko daga 'ya'yan da aka haɗa da shi. Muscadine ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, yana da kuromosom (masu ɗauke da halayen gado) 40 alhali wancan yana da 38, abin da ya sa haɗa su aure yake da wuya. Da ido ma ana rabewa. Muscadine ba ya yin dogon nono mai 'ya'ya cunkus, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne a tare, manya, masu kaurin ɓawo, kuma ba sa nuna lokaci ɗaya, wanda ya nuna sai ya saki reshe ya faɗo. Shi ya sa a gargajiyance ake shimfiɗa zane a ƙarƙashin rumfa a girgiza. Yana kuma jure cutar Pierce da ƙwaron phylloxera, waɗanda suka sha hallaka inabin Turai da aka gwada dasawa a wannan yanki mai zafi da laima.

Game da suna, masu ƙamus suna danganta muscat da kalmar Latin ta almiski saboda ƙanshinsa, kuma tushen kalmar ɗaya ne da na almiskin da muka aro daga Larabci. Ingilawan da suka sauka a yankin sun ji ƙanshi mai ƙarfi a inabin daji, sai suka kira shi da sunan da suka sani daga gida. Haka suka yi wa inabin mai duhu, suka ce masa bullace, sunan wani ƙaramin ɗan itace na Ingila wanda ba inabi ba ne sam, kuma har yau ana jin bullis a karkara. A lura kuma da Muscadet, wanda sunan giya ce ta yankin kogin Loire a Faransa, ba a yin ta da ko ɗaya cikin biyun.

Bakano a Raleigh:
Tunda an ambaci giya, akwai ma'ana ta uku da ya wajaba Malama ta kiyaye, domin nan ne fassara take iya kai mai karatu inda bai nufa ba. Idan kalmar ta zo ba jam'i, aka ce an zuba wa baƙo kofin scuppernong ko an buɗe kwalbarsa, to giyar da aka yi da inabin ake nufi, ba ruwan inabi ba. Ƙamusoshi suna kawo wannan ma'ana daban. Tarihin inabin a jihar nan ya cuɗanya da wannan sana'a, har wani ɗan kasuwa mai suna Paul Garrett ya yi suna da wata giya da ya kira Virginia Dare, sunan jaririyar da aka haifa a Roanoke a 1587, wadda ita ce ta farko da Ingilawa suka haifa a nahiyar. Giyar tana cikin waɗanda aka fi saye a Amurka kafin dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933. Ruwan inabin da ba ya sa maye ma ana sayarwa, amma shi kullum sai an haɗa da kalmar juice ko cider a jikin kwalbar, kuma duk da haka Musulmin da ke nan yakan karanta bayanin da ke baya kafin ya saya. Idan rubutun ya ce scuppernongs da jam'i, 'ya'yan ne. Idan kalmar ta zo gaban wani suna, kamar rumfa ko abin shafa wa burodi, siffantawa take yi.

Tsohon Edita:
Wannan gargaɗi ne mai amfani. Saura batun rubutu, kuma ga shawarata. Hausa ba ta fara kalma da cunkoson baƙaƙe irin na farkon wannan kalma, don haka idan aka bi furuci, inda nauyi yake kan gaɓar farko, abin da zai fito shi ne wani abu kamar sikafanon. Ni ba zan yi amfani da shi ba. Mukan mayar da kalma rubutun Hausa ne idan ta riga ta shiga bakin mutane, ita kuwa wannan babu mai furta ta a kasuwar Kano ko ta Maraɗi, kuma mai karatun da ya so ƙarin bayani ya rubuta sikafanon a intanet ba zai sami komai ba. A bar ta da rubutunta na asali, a gabatar da ita sau ɗaya da cikakken bayani, cewa inabin daji ne na kudancin Amurka mai kaurin ɓawo da ruwan tagulla, daga nan a ci gaba da cewa inabin scuppernong. Inda aka jera kalmomin biyu, a ce mai haske da mai duhu. Inda giya ake nufi, a faɗi giya ƙarara.

Malamin Nahawu:
A nan kam bakinmu ɗaya da Edita, sai dai ina ƙara sharaɗi biyu. Na farko, kada a bi tsohon laƙabin a ce farin inabi, domin a Turancin masu inabi duk wanda ba baƙi ko ja ba fari ake ce masa, mai karatun Hausa kuwa zai zana wani abu dabam a ransa, ko ya ɗauka koren inabin nan marar ƙwaya ne da ake shigowa da shi. Na biyu, babban baƙi shi kaɗai ba zai isar da bambancin a Hausa ba, musamman ga wanda ake karanta wa rubutun a rediyo ko a aji. Inda marubuciyar take nufin iri guda, Malama ta rubuta ainihin irin Scuppernong, ko tsohon irin, don kunne ma ya ji.

Malama Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri, malamaina. Saura wuri ɗaya: a sakin layin tsohuwar kurangar Roanoke, marubuciyar ta kira ta Mother Vine. Shin in fassara da cewa ita ce uwar da duk irin ya fito daga gare ta?

Malamin Gona:
A'a, Malama, ki tsaya a kan sunan kawai, ki ce ana kiranta Uwar Kuranga. Tana nan da ranta kusa da garin Manteo, a harabar wani gida, kuma ana yawan cewa ta kai shekara 400, har ana kiranta kurangar inabi mafi tsufa da ake nomawa a Amurka. An yi ta yanko rassanta ana dasawa a wurare da yawa, kuma a 2010 ta sha feshin maganin ciyawa bisa kuskure daga masu share hanyar wayar lantarki, aka yi ta yanke sassan da suka kamu har ta farfaɗo. Amma cewa ita ce tushen irin magana ce ta gado, kuma akwai wata ruwaya da take cewa an tsinci irin ne a dajin gundumar Tyrrell a ƙarni na 18, can kusa da kogin, wanda yake a babban yanki ba a tsibirin ba. Idan marubuciyar ta ce ita ce uwar duka, ki fassara maganarta a matsayin tata. Idan sunan kawai ta ambata, kada ki ƙara mata da'awar da ba ta yi ba.